Babu gidan giya a Batsari da Safana, amma akwai masu karya kumallo da maye

A watan Agustan 2024 shugaban kamfanin jiragen sama na Ryanair, Michael O'Leary, ya nemi a ƙayyade wa kowane fasinja kofi biyu kacal na barasa a filayen jirgin sama. Kukansa shi ne idan jirgi ya yi jinkiri, wasu fasinjoji sai su share wuri a mashaya su yi ta kwankwaɗa, sannan su hau jirgi su addabi ma'aikata da sauran matafiya. A watan Janairun 2025 kamfanin ya maka wani fasinja a kotu a ƙasar Ailan yana neman diyyar Yuro 15,000, saboda hatsaniyar da ta tilasta wa jirgin da ya taso daga Dublin ya karkata ya sauka a birnin Porto na Fotugal. Tim Martin, mai kamfanin Wetherspoon da ke da ɗaruruwan gidajen giya a Birtaniya, ya fito ya ce bai yarda da wannan ƙayyadewa ba.

Daga nan muhawarar ta bar maganar kofi nawa ta koma kan agogo. A manyan filayen jirgin saman Ingila, mashayar da ke bayan wurin binciken fasinjoji ba ta ƙarƙashin dokar lokutan sayar da giya, don haka tun asuba take buɗewa. A cikin gari ma akwai gidajen da ke fara zuba wa mutane da ƙarfe tara na safe. Tambayar da Turawan ke yi wa junansu ita ce: wanda ya riƙe kofin giya kafin rana ta ɗaga, hutu yake yi ko rashin lafiya ke damunsa?

Mutumin Wagini ko na Runka da ya ji wannan labari a rediyo zai iya girgiza kai ya ce Allah Ya kyauta, ya ɗauke shi a matsayin rigimar waɗanda duniya ta yi wa daɗi. Yana da hujja. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana babu wanda zai kafa allo ya rubuta cewa nan ake sayar da giya, safe ko dare. Doka ta hana, addini ya hana, kunya ma ta hana. Sai dai rashin mashaya bai kawar da tambayar da Turawan ke yi ba. Akwai mutane a wannan yanki, kamar sauran karkarar Arewa maso Yamma, da ba sa iya ɗaukar fartanya ko tayar da babur sai sun haɗiyi wani abu. Abin ba ya cikin kwalba, ba ya wari, kuma sunansa magani. Shi ya sa al'umma ba ta yi masa kallon da take yi wa giya.

Abin da safiya ke nunawa

Likitoci sun daɗe da ware shan safe daga sauran sha. A cikin tambayoyi huɗu da likitan ƙwaƙwalwa John Ewing ya tsara don gano wanda barasa ta kama, ta ƙarshe ita ce ko mutum ya taɓa buƙatar ya sha da zarar ya farka don jikinsa ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka irin wannan tambaya cikin goma da take ba ma'aikatan lafiya su yi wa marasa lafiya. Dalilin a jiki yake. Wanda ya saba da barasa sosai, idan ya kwana, abin da ke cikin jininsa ya ragu, sai ya tashi da rawar hannu, gumi, tashin zuciya da faɗuwar gaba. Kofin farko shi ke kwantar da su. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, gudun wahala yake yi.

Tramol da kodin, waɗanda dangin juna ne a wajen masana magunguna, haka suke yi wa wanda suka kama: ciwon gaɓɓai, hamma, majina, kasala da ƙunci da safe, har sai an haɗiyi na yau. Mai shan kansa zai ce maganin ne ke ba shi ƙarfi. Gaskiyar ita ce rashin maganin ke kwantar da shi.

Amma ba kowane mai shan safe ne ya kai nan ba, kuma tarihin gidajen giyar Turai ya nuna haka. A Ailan akwai wasu tsirarun gidaje da doka ta yarje wa buɗewa da ƙarfe bakwai na safe tun shekarun 1920, saboda ma'aikatan tashar jiragen ruwa da 'yan kasuwar da ke kwana suna aiki. A kusa da kasuwar nama ta Smithfield a Landan ma an san irinsu. Wanda ya kwana yana dakon nama, safiya ita ce yammacinsa. A gefe guda, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Birtaniya ta hana buɗe gidajen giya da safe, ta taƙaita su zuwa 'yan sa'o'i da rana da wasu da yamma, domin ma'aikatan masana'antun makamai su riƙa zuwa aiki garau. Rufewar tsakar rana da aka gada daga wannan doka ba a ɗage ta a Ingila ba sai 1988. Wato duk lokacin da hukumomi can suka taɓa agogon mashaya, aiki suke dubawa: wa ke aiki da dare, wa ake so ya farka da wuri.

Masu karatun tafsiri ba za su ji wannan baƙo ba. Kafin haramcin giya na ƙarshe da ya zo a Suratul Ma'ida, an fara da hana kusantar sallah cikin maye a Suratun Nisa'i. Malaman tafsiri sun kawo cewa a wannan tsakanin masu sha sun koma sha bayan Isha'i ko bayan Asuba, saboda a nan ne ake da tazara mai tsawo kafin wata sallar. Ke nan har a Madina an taɓa yin zamanin da shan safe ya zama mafaka, kafin a rufe ƙofar baki ɗaya.

Yadda kwalba ta zama abar kunya

Hana giya a ƙasar Katsina bai fara da shekarar 2000 ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba a saba da ita ba, kuma Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da ita suka mai da Arewacin Najeriya yankin da aka hana, tare da sassauci ga Turawa da unguwannin baƙi irin su Sabon Gari. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha barasa ba don magani ba. Abin da shari'ar Musulunci ta ƙara lokacin da Katsina ta ƙaddamar da ita a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ne rufe wuraren sayarwa da kuma fito da haddin bulala tamanin na mazhabar Malikiyya fili.

Tsakanin waɗancan dokoki da rayuwar yau da kullum kuwa akwai tazara. Maguzawan kudancin Katsina, wajen Malumfashi da Ƙafur, sun ci gaba da dafa giyarsu ta dawa. Ita burkutu ba ta jure ajiya: kwanaki ake yi ana tsima dawa, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi, amma da ta nuna sai a sha kafin ta yi tsami. Don haka a inda ake yin ta, ranar kasuwa ko ranar gayya, ba a jiran faɗuwar rana. A birane kuma, cikin shekarun 1960 zuwa 1980, otal da kulob sun zama wurin haɗuwar wasu ma'aikata da 'yan kasuwa, har Hausa ta lulluɓe abin da sunan "ruwa". Adabin lokacin ya ɗauki ɓangarorin biyu. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum yana zayyana ɓarnar giya, Mamman Shata, ɗan Musawa, ya yi wa mashaya tasu waƙar da har yau ake gardama a kanta.

Bayan 2000 ciniki bai mutu ba, ƙaura ya yi. Wani ya koma kasuwannin barikin soja da na 'yan sanda, inda dokar jiha ba ta da hurumi sosai. Wani ya tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa ƙasar Maraɗi, inda doka ba ta hana ba, ko da yake can ma a watan Nuwamban 2000 masu zanga-zanga sun far wa gidajen giya. Wani ya shige bayan gida, a leda ko a gorar ruwa. Kano ta zama wurin da ake nuna wa duniya hukunci: a 2013 Hisbah ta murƙushe kwalabe kusan 240,000, a 2020 kusan miliyan 2, a farkon 2022 kusan miliyan 4. Kowane karo sai gardamar harajin kayayyaki ta taso, 'yan Kudu na tambayar yadda za a fasa kwalba a kuma karɓi kason harajinta. Katsina ta kafa tata hukumar Hisbah a 2023 ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, kuma ita ma takan sanar da kamen katon-katon na barasa.

Abin da wannan dogon tarihi ya gina a zukatan mutane shi ne ƙyamar da ta fi doka ƙarfi. A ƙauye irin na Batsari, a ce wane ɗan giya ne ya isa a hana shi aure, a ƙi jan sallah a bayansa, a goranta wa 'ya'yansa. A ce an gan shi yana tangaɗi da hantsi kuwa, magana ta ƙare. Wannan ƙyama ta yi aiki, kuma bai kamata a raina ta ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019, kuma al'ummar da ta tsira daga kaso mai yawa na wannan asara ta samu wani abu. Matsalar ita ce ƙyamar ta manne wa kwalba da warinta, ba ta bi mayen zuwa inda ya koma ba.

Inda mayen ya koma

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya shafi 2017, ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tramol ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin 100, kimanin mutum miliyan 3. Ɗaya cikin kowane huɗu a faɗin ƙasar mace ce. Yankin da ya fi kowane tsananta wa giya bai zama yankin da ba a maye ba.

Ƙwaya ta samu shiga ne ta ƙofar da giya ba za ta taɓa bi ba, ƙofar aiki. Tun shekarun 1970 manoma da direbobi da 'yan dako suka san "a ji garau", ƙwayar hana barci da gajiya. Daga baya gadagi ya zo wa 'yan acaɓa da masu tura kura. Yanzu tramol ne. Ƙarfin da hukumar NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a kasuwar bayan fage 200 ne da 225, akasari daga Indiya. Da aka matsa masa, sai wasu haɗe-haɗen suka maye gurbinsa. Binciken da BBC ta fitar a watan Fabrairun 2025 ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai ke haɗa magunguna biyu masu haɗari yana turowa Afirka ta Yamma, abin da ya sa Indiya ta hana haɗin.

Lokacin shan wannan kaya shi ne safiya, domin don aiki ake shan sa. Ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi kan kadada, a biya shi gwargwadon abin da ya nome kafin rana ta take, yana da lissafi mai sauƙi: ƙwayar 'yan nairori za ta sa ya yi aikin mutum biyu. Mai gonar da ya ɗauke shi ba ya tambaya, wani ma ya fi son irinsa. Babu wanda zai ɗauki ɗan ƙwadago mai warin giya, amma wanda idonsa ya kaɗa yana zuba noma kamar inji ana ce masa jarumi. Uwarsa a gida ta san yana shan "maganin gajiya". Sai ranar da ya faɗi yana shure-shure, domin tramol mai yawa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, a fara neman mai ruƙiyya.

Malamai ba su bar wannan a duhu ba. A wa'azi da huɗuba ana maimaita cewa hukunci na bin gushewar hankali ne, ba sunan abin da aka sha ba. Amma fatawa daban, kunyar unguwa daban. Ƙwaya ana haɗiye ta da shayi a gaban jama'a, babu wanda ya lura.

A Kudu, inda ba a ɓoye kwalba, an fi ganin matsalar a fili. Tashoshin mota a Legas da Ibadan cike suke da masu sayar da barasar da aka jiƙa da saiwoyi, wadda direbobi ke sha da sassafe da sunan maganin basir ko ciwon baya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana yaƙi da sayar da ita a tasha. Ko can ma da rigar magani mayen safe ke fita. Barasar leda mai arha, wadda ta fi sauƙin ɓoyewa a aljihu har a Arewa, an yi yarjejeniyar daina yin ta tun 2018 da wa'adin ƙarshen Janairun 2024. Da lokacin ya yi masu masana'antu da ma'aikatansu suka yi ca, aka ɗaga zuwa ƙarshen 2025.

Yankin da dare ya koma rana

Abin da ya bambanta Batsari da Safana da sauran karkara shi ne dajin Rugu da abin da ya fito daga cikinsa. Fiye da shekara goma ke nan garuruwan da ke bakin dajin suna fama da satar shanu, sace mutane da hare-hare. A watan Mayun 2019 mutanen Batsari sun kwaso gawarwakin manoman da aka kashe a 'Yargamji suka kai su har birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni.

Irin wannan rayuwa tana juya agogon mutum. Ɗan sintirin da ya kwana a bakin gari da bindigar gargajiya, da asuba ba gado yake nufa ba, gona ke jiransa. Magidancin da ya kwashe iyalinsa suka kwana a jeji ko a cikin gari don gudun hari, da safe zai dawo ya fara aiki ba tare da ya runtsa ba. Manomin da ya san bayan azahar gona ba ta zamuwa dole ya matse aikin yini cikin 'yan sa'o'in safe. Matar da aka sako bayan wata biyu a daji, ko yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, barci ba ya zuwar musu da sauƙi. Ma'aikatan tashar jirgin ruwan Dublin an buɗe musu mashaya ne saboda aiki ya mai da darensu rana. A nan tsoro ne ya yi wannan aikin, kuma abin da ke kusa da hannu shi ne ƙwayar da za ta hana barci da wadda za ta kawo shi. Wannan ba uzuri ba ne ga kowa. Amma duk wanda zai yi maganar shaye-shaye a bakin Rugu ya tsallake rashin barci da firgici, ya bar rabin maganar.

A ɗaya gefen kuma akwai mutanen dajin kansu. Waɗanda suka kuɓuta daga hannunsu sun sha ba da labarin wiwi da ƙwayoyin da ake sha a sansani, kuma 'yan sanda da hukumar NDLEA, wadda Buba Marwa ke shugabanta tun 2021, sun sha gabatar da mutanen da suka ce suna kai musu kayan maye. Jami'ai na son maimaita cewa ƙwaya ce ke haifar da ta'addanci. Wannan ya yi sauƙi da yawa. Rikicin yana da saiwa a rigimar gona da burtali, rashin adalci a kotu, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, da kuɗin fansa da suka zama sana'a. Abin da ƙwaya ke yi shi ne sauƙaƙa wa yaro ɗan shekara 16 ya aikata abin da da hankalinsa zai yi jinkiri. Kuma hanyar da ke kai ta daji ita ce dai ke kai ta ga ɗan ƙwadago da ɗan acaɓa. Dillali ba ya tambayar wa zai sha.

Gwamnatin Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ta ɗauki matasa kusan 1,500 a zangon farko daga ƙananan hukumomin da ke fama da matsalar. Daga farkon 2025 kuma aka shiga sulhu tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga, inda Batsari ta kasance cikin na gaba-gaba, Safana da wasu suka biyo. Ra'ayi ya rabu kan sulhun, kuma da dalili, tunda na 2019 bai ɗore ba. Abubuwan da aka fi jin ana tattaunawa a wuraren zaman su ne sakin waɗanda aka kama, daina kai hari, shiga kasuwa, makaranta da asibiti. Matashin da ya shekara biyar a daji yana karya kumallo da ƙwaya, ajiye bindiga ba zai cire masa ita daga jiki ba. Zai shigo kasuwar Batsari da buƙatarsa, ya tarar da sa'o'insa na gari masu irin ta.

Idan iyali suka nemi taimako

A nan ne kallon da al'umma ke yi wa mai maye ke komawa ya cuci masu shi. Tunda abin kunya ne, ɓoyewa ake yi har sai ya gagara. Idan ya gagara, wurin da aka fi sani shi ne gidan mari. A watan Oktoban 2019, bayan abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna, 'yan sanda sun shiga irin waɗannan gidaje a Daura da cikin birnin Katsina, suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. An rufe gidajen, an yi Allah wadai. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don mugunta suka kai su ba. Ba su ga wani wurin ba ne.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da yankin ya daɗe yana dogaro da su suna Kaduna da Kware ta Jihar Sakkwato. Mutumin Zakka ko Ruma da ke son ganin likitan wannan fanni sai ya fara isa Katsina, ya biya kuɗin mota da na magani da na zama, a shekarun da noman ma bai samu yi ba. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta yi maganar kai wannan kulawa kusa da jama'a. A ƙaramin asibitin ƙauye har yanzu abu ne mai wuya ma'aikaci ya tambayi wanda ya zo da ciwon jiki ko yana shan wani abu kafin ya fita aiki. Tambaya ce da ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce Turawa suka gina gwajinsu a kanta.

Akwai ma haɗari a gyaran da ake yi da ƙarfi. Wanda barasa ko ƙwayar barci irin su baliyam ta kama sosai, idan aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa lokaci guda, yana iya shiga jijjiga da ruɗewa har ya rasa ransa. Irin wannan a hankali ake janye shi, a gaban ma'aikacin lafiya. Iyalai da yawa ba su san haka ba, kuma wanda ya sha giya a ɓoye shekara da shekaru ba zai buɗe baki ya faɗa wa likita ba a garin da faɗar ke iya zama shaida a kansa.

Ta ɓangaren hana shigowar kaya, an ga abin da hukuma ke iya yi idan ta so. A watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna fim ɗinta kan kodin, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi. A farkon 2024 hukumomin magunguna suka rufe shagunan kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano, wadda ta daɗe tana ciyar da kemis-kemis na Arewa, suka tilasta wa dillalai komawa cibiyar Dangwauro inda za a iya sa musu ido. Amma tsakanin Dangwauro da teburin mai tallar magani a kasuwar ƙauye akwai hannuwa da yawa. A doka, mai ƙaramin kemis ba shi da izinin sayar da tramol ko baliyam kwata-kwata, kuma sa ido a kansa aikin hukumar kula da harhaɗa magunguna ne, ba na Hisbah ba. Motar da ta ɗauko katon ɗin giya ana gane ta daga ƙarar kwalabe a shingen bincike. Ƙwaya dubu kuwa tana shiga ƙarƙashin sirdin babur, kuma jami'in da zai bambance ta da maganin zazzaɓi yana ofis a Katsina, ba ya kan hanyar Runka ranar kasuwa.